Shaidar Da Ido Ba Ya Gani: Ko Za Ta Dawo Mana Da Motocinmu?

 Tambaya ta yawaita a kan wani ruwan sinadari da ake cewa in an shafa wa mota, ko ina ɓarawo ya kai ta za a gano ta daga nesa. Mun ga ya kamata mu yi bayani kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka yi ta ƙwace motoci, abin kuma ya matso mu a nan Fau sa'ad da Madani ta faɗi a Disamban 2023, har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka karɓe ta. Masu na'urar GPS a lorinsu sun ga iyakarta a Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasa. Ita na'urar da layin waya take aiko da labari. In ba layi, shi ke nan. Ga shi ɓarawo na iya lalubo ta ya cire.

To, shaidar sinadari iri biyu ce, kuma a nan ne ake rikita mutane.

Ta farko ita ce mai tururi. Ruwa ne marar launi, marar wari, yana ƙafewa a hankali, sai wata na'ura ta shaƙi iska ta gane shi ko da ɗan mitsitsi ne. Ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka ya yi suna a wannan aiki, har an yi amfani da shi wajen gano inda manyan wayoyin lantarki na ƙarƙashin ƙasa ke yoyon mai a birnin New York: a zuba sinadarin cikin man, mota ta bi titi tana shaƙar iska har ta iso wurin. Wannan ne asalin zancen "daga nesa". Amma fa nesan nan ba daga Fau zuwa Galabat ba ne. Dole mai na'urar ya zo kusa, ya kuma tsaya inda iska ke kaɗowa. Zafin rana irin na Butana yana sa sinadarin saurin ƙarewa. Na'urar kuwa kayan hukuma ne da manyan kamfanoni, ba abin da mai fataucin shanu zai ajiye a aljihu ba.

Ma'aikatan leƙen asiri sun daɗe da irin wannan dabara. A 1985 Amurka ta zargi hukumar KGB da barbaɗa wa jami'anta na Mosko wata hoda a sitiyari da marfin ƙofa don a san inda suka je da wanda suka taɓa. Wato dai abin da zai bi sawun ɓarawo, zai iya bin sawun mai mota ma.

Ta biyu ita ce ake sayarwa a kasuwa, kamar SmartWater da aka fara a Ingila cikin shekarun 1990. Kowace kwalba da nata haɗin, ba ta kama da wata, kuma ana rubuta ta da sunan mai ita a rajista. In ya bushe ido ba ya ganinsa, sai an haska shi da irin fitilar nan da ake duba kuɗin jabu. Daga nan a kankaro kaɗan a kai ɗakin gwaji, a karanta haɗin, a san mai kaya. Ka ga ke nan wannan ba ya nemo mota. Aikinsa shaida ne bayan an kama ta.

Kada mu raina shaidar nan. Kowa ya san yadda ake yi: a sake fenti, a canza lamba, a goge lambar shasi da ta inji, ko a farke motar a sayar da kayanta ɗaya-ɗaya. Ran da ka ga lorinka a gareji, da me za ka kare kanka gaban 'yan sanda? Ai daidai yake da shaidar wuta da iyayenmu ke yi wa shanu, wadda Larabawa ke kira wasmi. Ba ta hana sata, amma tana ƙwato sa a kara, don dillalai sun san ta. Bambancin shi ne wasmi kowa na karanta shi da ido, wannan kuwa sai da fitila, da rajista, da ɗakin gwaji, da hukumar da ta yarda da sakamakon. In ɗaya ya ɓace cikin huɗun nan, ka sayi ruwa ne kawai. Mu kuma masu ƙetare iyaka, sai hukumar Matama ta ɓangaren Habasha ita ma ta yarda da shi.

Saboda haka duk wanda ya kawo muku kwalba, ku tambaye shi ina rajistar take, wane ɗakin gwaji ne zai karanta, kuma wane shinge ne ke da fitilar. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Wani gargaɗi kuma: kada wanda ya shafa wa dabba sinadarin da aka yi don ƙarfe. Dabbar nan nama za ta zama, kuma wadda za ta Jidda sai ta bi ta hannun likitocin dabbobi a wurin killacewa na Sawakin. Ba ma son a juyo da kayan mutum saboda ganganci.

Kafin a samu hukumar da za ta ɗauki nauyin wannan tsari, ga abin da muke roƙo. Kowane mai mota ya sa maƙeri ya buga masa wata alama tasa a wurare uku ko huɗu da ba a gani, kamar cikin shasi da ƙarƙashin bodi, ya ɗauki hotonsu tare da lambar inji. Ya ajiye kwafin takardun a gida, ya ba wakilinsa na Gadarif ko Galabat ɗaya, ya kawo ɗaya ofishin ƙungiya mu shigar a littafi. Wurin alamar kuwa, ko direba da yaron mota ba sai sun sani ba.