Mai shan jini bayan duniya ta watse

A Tsamaye da sauran ƙauyukan Gobir, maye kurwa yake kamawa. Na littattafan Turawa jini yake sha. Littafin I Am Legend na Richard Matheson, na 1954, ya haɗa shi da annoba: kowa ya kamu ya zama mai shan jini, Robert Neville kaɗai ya rage. Da magariba ya garƙame gida, tafarnuwa rataye a ƙofa. Mutanen Sabon Birni da Isa, da 'yan bindiga suka raba da gonaki, ba sai an fassara musu wannan zaman ba. Da rana kuwa Neville yakan bi masu cutar yana kashe su suna barci, alhali wasunsu rayayyu ne, har sun samo maganin danne ta. Ƙarshe suka kama shi, suka yanke masa hukuncin kisa.