Yadda Za Mu Auna Sabon Salon Kiɗa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, in mun fita za a danƙa mana darasin waƙa. Yara za su kawo mana kaɗe-kaɗen da ba mu saba ji ba, su ce, "Malam, wannan yana da kyau?" Ba daidai ba ne mu ce shirme ne don baƙo ne. Ba kuwa daidai ba ne mu yabe shi don sabo ne kawai. Ni dai tambaya uku nake yi wa kowane faifai.

Ta fari, ko ƙafa tana gane shi? Ku tuna da bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu kowace shekara. Da an busa ƙaho an buga ganga, tsohuwa da jikanta sun san inda za su sa ƙafa. In makaɗi ya ɗora gangar kwamfuta bisa irin wannan busa har mai rawa ya rikice, to, dabararsa ta faɗi.

Ta biyu, ko magana ta tsira? Hausa harshe ne mai hawa da sauka, haka kuma Jju da Tyap. Wuyan da ke ɗauke da kai dabam, wuyar da ake sha dabam, amma murya kaɗai ke raba su. Waɗansu waƙoƙin sujada da aka juya daga Turanci, aka bar su da muryarsu ta Ingila, suna jan gajeriyar gaɓa su danne doguwa, har sai mutum ya duba littafi kāna ya gane abin da yake rerawa.

Ta uku, in an cire sabon abin, waƙar za ta ragu? In ba ta ragu ba, ado ne kurum.

Ga misali biyu. A 1978 Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kaɗe-kaɗe a Yamai da ogan mai aiki da lantarki. Waɗansu muryoyin kuwa daga waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa ya samo su. Kaset kaɗan aka buga, amma rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa kiɗan tsakanin shirye-shirye. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi. A ganina ya ci nasara, gama in ka cire ogan ɗin babu abin da ya saura, duk da haka muryar ta gida ce.

Na biyu Bala Miller ne, mutumin Zariya, wanda ya rasu a 2003. Ya haɗa waƙar Hausa da kayan busa na Turawa da kiɗan hailaif. Ku saurari "Ikon Allah": kayan busa suna amsawa kamar 'yan amshi, ba su taka maganar ba.

Saboda haka kada mu yanke hukunci da ji ɗaya. Mu sa faifan sau uku a aji, mu bar yara su tafa, su faɗi kalmomin da suka kama, sa'an nan mu tambaye su dalili. Yaron da ya koyi faɗin dalili a kan waƙa, zai faɗe shi a kan sauran al'amura.