Dajin Rugu: Turbar keken da tsoro ya datse

Wanda ya taɓa bin ƙauyukan da ke yamma da Batsari da Safana a ƙarshen damina ya san irin kyan da Allah ya yi wa wannan ƙasa. Ga duwatsu, ga koramu da ruwa ke janyewa ya bar farin yashi, ga siraran turbobi da ke kurɗawa tsakanin gonakin rogo da dankali har su kai bakin Dajin Rugu.

Irin wannan wuri ne wasu ke kashe maƙudan kuɗi su je su hau keke a cikinsa. Wasan hawan keke a duwatsu da dazuzzuka ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, lokacin da wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan dutse. A 1996 ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A Ruwanda kuwa, ƙasar da ta ga kisan kiyashi a 1994, yanzu baƙi na bin wata hanya mai tsawon fiye da kilomita 200 a gefen Tafkin Kivu, mutanen ƙauyukan hanyar na samun na cefane.

A Batsari ba wanda ke hawa keke don shaƙatawa. Keke abin neman abinci ne. Dattijo zai ɗaure fartanya da buhu a baya, ya nufi gona tun da asuba. Kekensa ba giya, birkin ma sai an taimaka masa da ƙafa, amma ya san inda yashi ke kama taya, ya san inda zai sauka ya tura in an zo kwazazzabo. Da za a sa gasa, ban ga baƙon da zai kayar da shi a wannan turba ba.

Matsalar ita ce turbar ta gajarce. Tun da 'yan bindiga suka mayar da Rugu mafaka, gonakin da ke jikin dajin suka koma kufai. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare guda. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana ɗauko itace daga daji da manyan motoci, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a yankin. Ƙarar babur daga wajen daji ta zama abin da ke sa uwa ta janyo ɗanta cikin gida.

Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon keke, masu faci suka samu ciniki. Sai dai mahayin ya kan tsaya inda zuciyarsa ta ce masa ya isa haka.

An zauna sulhu da 'yan bindiga a yankin a 2025, ra'ayoyi kuma sun bambanta a kansa. Ranar Alhamis, in kasuwar Batsari na ci, mai lura zai iya duba kekunan da aka jingine a gindin bishiya, ya tambayi masu su daga wane ƙauye suka taso, kuma ƙarfe nawa suke so su koma gida.