Kafin Ka Jona Hedifon Ɗinka a Intakom

Duk wanda ya halarci babban taro a Bangi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mariga, ko hawan Sallah a fadar Sarkin Sudan na Kontagora, ya san cewa aikin sauti da ɗaukar hoto ba na mutum ɗaya ba ne. Mai kyamara yana can, mai kula da lasifika yana nan, ga hayaniyar jama'a da ƙarar janareta. Yawanci da oba-oba ko wayar salula ake sadarwa, amma a manyan taruka akan yi hayar intakom: kowane ma'aikaci ya maƙala ƙaramin akwati a ƙugunsa, ya jona hedifon mai makirfo, kowa yana jin kowa a lokaci guda. Kamfanin Clear-Com, wanda aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 1968, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan tsari.

Matasa da dama sun fi son zuwa da hedifon ɗinsu, saboda tsabta ko sabo. Ba laifi ba ne, sai dai kama da wane ba ta wane. Abubuwa uku ne ke hana shi aiki.

Na farko shi ne baki. Hedifon na waya yana da siririn tsinke mai kaurin milimita 3.5, shi kuwa akwatin ƙugu galibi bakin XLR gare shi mai haƙora 4: na 1 da na 2 na makirfo, na 3 da na 4 na kunne. Ko a nan ma kamfanoni sun bambanta. Akwatin Clear-Com namijin baki gare shi, na RTS kuwa tamata, wasu ma haƙora 5 gare su.

Na biyu shi ne irin makirfon, kuma nan ne aka fi faɗawa. Makirfon intakom na asali, wato dainamik, da kansa yake samar da 'yar wutarsa idan murya ta kaɗa shi. Na waya kuwa ilektiret ne, ba ya motsi sai an ba shi 'yar wuta kaɗan, wadda wayar salula ke ba shi. Idan akwatin ba ya ba da wannan wuta, za ka ji kowa, amma babu mai jin ka. Wasu sababbin akwatuna suna karɓar iri biyun, don haka a duba takardar na'urar.

Na uku shi ne layin ƙasa. A hedifon na waya, makirfo da kunne layi ɗaya suke tarayya a kai, alhali intakom ya raba su. Idan mai gyara ya haɗe su da dalma, sautin kunne kan koma cikin makirfo, sai amsa-kuwwa ko ƙara mai tsini ta cika kunnen kowa, domin duk layi ɗaya ake.

Akwai kuma haɗari na daban. Igiyar da ke haɗa akwatunan Clear-Com irin ta makirfo ce sak, mai haƙora 3, amma tana ɗauke da wuta kimanin bolt 30. Kuskuren jona ta a makirfo ko mikisa na iya ƙona kayan mutane.

Saboda haka, tun kafin ranar taro ka tambayi mai kayan sunan na'urarsa da irin bakinta. Ka nemi mahaɗin da aka ƙera domin wannan aiki, mai ba makirfo wuta idan da bukata. Ka gwada kafin jama'a su taru, ka fara da rage sauti domin kare kunnenka, ka kuma kashe makirfo duk lokacin da ba ka magana. Idan abin ya ƙi, ka karɓi hedifon ɗin da ya zo tare da na'urar, ka goge shi, ka kama aikinka.