Funfuna A Cikin Faranti

Idan marka ta kankama a Kaduna, wajen watan Agusta, kome na cikin ɗaki yakan yi danshi. Daga Kawo har Tudun Wada, uwargida takan buɗe kwano ta tarar burodi ya yi furfura, ko kuwa ta ga takalmin fata ya yi kore a ƙarƙashin gado. Wannan abu shi ake kira funfuna.

Funfuna halitta ce mai rai. Ba ta da ganye, ba ta da fure, jikinta duk zaruruwa ne sirara. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, iska kuwa tana yawo da su ko'ina. Duk inda suka sami danshi da ɗumi da abinci, sai su tsiro.

Funfuna iri-iri ce, wata magani, wata dafi. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Saboda haka masana ba su yanke hukunci da kallo ɗaya, sai sun shuka ta tukuna. Ana koyon wannan aiki a ɗakunan bincike, irin na Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004.

Gonar da ake shukar kuwa wani ɗan faranti ne mai murfi, wanda ake ganin cikinsa ta waje. Wani Bajamushe mai suna Petri shi ya ƙago shi a 1887. A ciki akan zuba ruwan dafaffen dankalin Turawa da sukari, da wani abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda ke sa ruwan ya daskare kamar kunun da ya kwana. Sa'an nan a ɗebo ɗan funfunar da tsinin allura mai tsabta, a taɓa tsakiyar farantin, a rufe, a ajiye kwana 5 zuwa 7.

In ta tsiro, sai mai bincike ya ɗauko littafin hotunan funfuna ya ajiye kusa da farantin. Ya dubi launinta ta sama, ya juya ya dubi ta ƙasa. Ya lura ko ta yi gashi kamar auduga, ko ta yi gari-gari, ya kuma lura da saurin yaɗuwarta.

Wadda ta cika faranti cikin kwana 2 ko 3, fara kamar auduga, daga baya ta yi ɗige-ɗige baƙaƙe, ita ce Rizofus, mai kama burodi. Wadda ta yi baƙi kamar garin gawayi, baƙin Asfajilus ke nan, wanda akan gani a jikin albasa. Mai launin shuɗi-shuɗi da kore da farin baki kewaye, sau da yawa Penisiliyum ce, mai kama lemo. Mai launin kore da rawaya kuwa, ita ce koren Asfajilus, mai kama gyaɗa da masara.

Amma hoto jagora ne kawai, gama funfuna biyu sukan yi launi ɗaya. Don haka sai a sa ɗan yanki a madubin likita. Nan za a ga kan Penisiliyum kamar tsintsiya, na Asfajilus kuwa a dunƙule kamar kan ashana.

Wannan wahala tana da dalili. A 1928, a birnin Landan, Alexander Fleming ya ga wata Penisiliyum ta hana ƙwayoyin cuta girma kewaye da ita a farantinsa. Daga nan aka sami maganin penisilin, wanda ya ceci mutane masu yawa. A 1960 kuma, talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gyaɗar da suka ci tana da dafin koren Asfajilus. Dafin nan, watau afalatoksin, yana lalata hantar mutum da ta dabba, dafuwa kuwa ba ta kawar da shi.

To, yaro ba shi da madubin likita a gida, amma yana da idanu. In an sa shi tsintar gyaɗa ko masara, ya ware duk wadda ta yi funfuna, kada a ci, kada a ba kaji. Ya taya iyayensa shanya hatsi har ya bushe sarai kafin a zuba a buhu. In kuma malami ya kawo faranti aji, a duba ta bayan murfi, kada a buɗe, kada a sansana.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku funfuna ke bukata kafin ta tsiro?
2. Don me hoto kaɗai bai isa a gane funfuna ba?
3. Me ya kashe talotalo a Ingila a 1960?