Babi na Takwas: Zango Uku da Ɓawon Albasa

Ranar 24 ga Fabrairu 2021, kwana ɗaya bayan hukumar zaɓe ta CENI ta ce Mohamed Bazoum ya kayar da Mahamane Ousmane a zagaye na biyu, intanet ɗin wayoyin salula ya ɗauke a Nijar. Bai dawo ba sai 5 ga Maris. Daga Yamai zuwa Damagaram, har nan Matameye, waya tana hannu amma WhatsApp ya yi tsit. Ba a cika wata huɗu ba sai ga maƙwabtanmu na tsallaken iyaka da tasu: gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter daga 5 ga Yuni 2021 har 13 ga Janairu 2022. A shekarar 2021 ce kalmar VPN ta kama bakin samari, wasu ƙalilan kuma suka fara jin sunan Tor.

Bari in fara kawar da wata magana da na gaji da ji a teburin mai shayi. Wai Tor yana kawo intanet ko da an yanke rezo, wai yana ba da mega kyauta. Ƙarya ce! Tor ba ya haƙa hanya inda babu hanya. Abin da ya faru a nan a 2021, da wanda ya faru a Zamfara a Satumbar wannan shekarar lokacin da aka kashe layukan waya gaba ɗaya, daidai yake da rufe tashar mota ruf. Babu dabarar direba da za ta yi amfani a ranar. Abin da ya sami Twitter kuwa shinge ne a kan titi guda, sauran tituna suna buɗe. A irin wannan halin kaɗai Tor yake da aiki: zagaye shinge, da ɓoye wanda ya zagaya.

Tarihinsa gajere ne. A tsakiyar shekarun 1990, masana uku a ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka, Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, suka ƙirƙiro dabarar. A 2002 Roger Dingledine da Nick Mathewson tare da Syverson suka kunna Tor, a 2006 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ke riƙe da shi har yau. Za ka ce, me ya sa soja zai saki irin wannan abu ga kowa? Saboda ɓuya ba ta yiwuwa sai cikin taro. Da jami'an Amurka kaɗai ke bin hanyar, da duk wanda aka gani a kanta an san ko wane ne. Sai ɗalibi da ɗan jarida da ɗan kasuwa sun cika ta kafin sawun kowa ya ɓace.

To, yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan babi. Kakanninmu fatake da ke bin hanyar Kano zuwa Damagaram har Agadas ba sa yin tafiyar a numfashi ɗaya, zango-zango suke yada wa. Haka saƙonka yake tafiya a cikin Tor, zango uku. Ka ɗauka kana Matameye, kana son takarda ta kai ga wani a Kano ba tare da an san daga hannunka ta fito ba. Sai ka sa ta a ambulan ka manne, ka rubuta adireshin Kano. Ka sa wannan ambulan cikin na biyu, na biyu cikin na uku. Ka miƙa wa direba na farko. Shi ya ga fuskarka, amma da ya buɗe nasa ambulan ba abin da ya gani sai umarnin ya miƙa wa wane a Daura. Na Daura bai san ka ba, bai san Kano ba, ya san dai wanda ya ba shi da wanda zai ba. Na uku shi ne ya san inda takarda za ta sauka, amma ko an ɗaure shi ba zai iya faɗin wanda ya rubuta ta ba, don bai sani ba. Na farko ana kiransa mai gadi, na biyu ɗan tsakiya, na uku ƙofar fita. Kowanne yana ɓare ɓawo ɗaya tak, shi ya sa aka laƙaba wa dabarar sunan albasa, kuma haruffan Tor daga wannan sunan aka tsamo su.

Ina jin daɗin wannan suna ƙwarai. Ƙasar da ta ba duniya albasar Galmi, wadda ake lodawa a manyan motoci daga jihar Tawa zuwa Gana da Kodibuwa, bai kamata a tsaya ana yi mata dogon bayanin ɓawo a kan ɓawo ba. Duk matar da ta taɓa yanka albasa a miya ta riga ta fahimci rabin ilimin. Har launin tambarin Tor ruwan hoda ne mai duhu, irin na ƴar Galmi. Maganar makullan lissafi da ake kulle kowane ɓawo da su, wayarka ce ke shirya su da kowane zango daban-daban, tana kuma sauya hanya kusan kowane minti goma. Wannan ya isa.

Su wane ne direbobin nan? Ga abin mamakin. Ba kamfani ba ne, ba gwamnati ba ce. Kwamfutoci ne fiye da 6,000 da mutane suka kunna don kansu: malamin jami'a, ƙungiyar kare haƙƙi, matashin da ya yi hayar na'ura a wajen kamfani yana biya daga aljihunsa duk wata. Ba a biyansu ko dala. Ba su san waɗanda suke yi wa hidima ba, masu bin hanyar ma ba za su taɓa sanin su ba balle su ce na gode. Mu da muka tashi muka ga ana ajiye randa a ƙofar gida don mai wucewa ya sha, mun san sunan wannan aiki. A nan kuma VPN ya bambanta: shi direba ɗaya ne, ya ga fuskarka, ya ga inda za ka, amanarka duka tana hannun kamfani guda.

Wasu sukan ce ai ɗan sa kan yana zaune yana karanta saƙonnin mutane. Mai gadi da ɗan tsakiya ba su ganin komai sai tarkacen lambobi. Amma ƙofar fita tana da labari, kuma labarin ya cancanci a ba shi fili. A 2007 wani matashi ɗan Suwidin, Dan Egerstad, masanin tsaron kwamfuta, ya kunna ƙofofin fita guda biyar, ya zauna yana kallon abin da ke fita. Bai fasa makulli ko ɗaya ba. Ya dai lura cewa saƙonni da yawa suna fitowa tsirara da zarar an ɓare ɓawo na ƙarshe, domin tun asali ba a kulle takardar da ke ciki ba. Cikin abin da ya tsinta har da sunaye da kalmomin sirri na akwatunan imel. A watan Agusta ya wallafa guda 100, na ofisoshin jakadanci da ma'aikatun gwamnatoci, ciki har da na Indiya da Kazakistan. Duniya ta ɗauka, a watan Nuwamba ƴan sandan Suwidin suka shiga gidansa suka kwashe na'urorinsa. Jaridu suka yi ta cewa an fasa Tor. Ba a fasa shi ba! Tor ya yi alkawarin ɓoye wanda ya aiko, kuma ya cika. Bai taɓa yin alkawarin kulle maka takardar da ka bari a buɗe ba. Shi ya sa adireshin da ya fara da https yake da muhimmanci, yau kuma galibin shafuka suna da shi. Haka nan wanda ya bi zango uku sannan ya shiga Facebook da sunansa da hotonsa, shi ya cire rawaninsa da hannunsa.

Ƙofar fita tana da nauyi ta wani ɓangaren. Duk ɓarnar da wani ya yi, adireshin mai ƙofar ne zai bayyana. Dmitry Bogatov, malamin lissafi a Mosko, ya kunna tasa a gida. A Afrilun 2017 aka kama shi kan rubutun da aka wallafa ta adireshinsa, ya yi watanni a tsare, sai a 2018 aka janye tuhumar. Ita kanta ƙungiyar Tor tana gargaɗin kada a kunna ƙofar fita a gida. Aikin jami'o'i ne da ƙungiyoyi masu lauya.

Jerin zanguna a fili yake, kowa na iya saukewa, don haka gwamnatin da ta ga dama tana iya toshe su duka, kamar yadda Sin ta daɗe tana yi, Rasha ma ta bi a Disambar 2021. Maganin wannan shi ne gada, zangon da ba a sa shi a jeri ba, ana raba adireshinsa kaɗan-kaɗan. Sai kuma Snowflake, ɗan ƙaramin kari da ake liƙa wa Firefox ko Chrome. Muddin yana kunne, kwamfutarka ta zama ƙofar shiga ta wucin gadi ga wani, mai sa ido kuma yana ganin kamar kiran bidiyo ake yi. Lokacin da Iran ta tsananta toshiya bayan mutuwar Mahsa Amini a Satumbar 2022, dubun-dubatar mutane a ƙasashe daban-daban suka kunna shi.

Na san za a ce Tor hanyar ɓarayi ce. E, akwai miyagu a kanta, kasuwar ƙwayoyi ta Silk Road da aka rufe a 2013 a can take. Amma hanyar Matameye zuwa Daura ma ƴan sumoga suna bin ta, ban ji wanda ya ce a fasa kwalta ba. A kan hanyar Tor ɗin ce BBC ta buɗe shafinta a 2019 don masu karatu a ƙasashen da aka toshe ta. Mu da muka ga an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, BBC kuma na wata uku a Disambar 2024, ba sai an fassara mana ma'anar wannan ba. Kana iya goyon bayan matakin ko ka ƙi, amma ka san cewa ƙofar labari tana iya rufuwa cikin dare ɗaya.

Shin ɗan Matameye zai iya zama ɗan sa kai? Zango na sosai yana son gudun da ya kai megabit 10 a daƙiƙa, da aƙalla gigabait 100 a wata, da kwamfutar da ba ta mutuwa dare da rana. Mai sayen mega na kwana ɗaya a Airtel ko Moov ko Zamani ba zai iya ba. Ga kuma kuran, wanda muka ɗanɗana rashinsa sa'ad da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023. Shi ya sa mafi yawan zanguna suke Jamus da Amurka da Holan, Afirka kuwa ƴan ƙalilan ne. Wannan rauni ne, domin saƙon ɗan Damagaram sai ya je Turai ya dawo, tafiyar ta yi nauyi. Amma gada tana tashi da megabit 1, Snowflake kuma ba ya son komai sai layin da ba a ƙirga masa mega. Ƴan uwanmu da ke karatu ko aiki a Faransa da Beljiyam da Amurka, waɗanda intanet ke kwana a kunne a ɗakunansu, ba su da uzuri.

Wanda ke gida kuwa, ya fara da sanin doka. Nijar tana da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a Yunin 2024, kuma Tor ba ya wanke ƙazafi ko ƙarya. Ka nemi shawarar masani kafin ka kunna komai, kada ka buɗe ƙofar fita a gidanka, kada kuma ka yi amfani da layin ofis ko na makaranta ba da izinin masu shi ba. In Allah ya hore maka layi mai ƙarfi da wuta mai tsayawa, ka ajiye randarka a ƙofar gida, mai ƙishi zai zo.