Daga Wuri Zuwa Naira: Yadda Zamfarawa Ke Kiran Ƙidaya

Har wa yau in dattijo ya kai sansa kasuwa a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, akan ji shi yana ciniki da jaka, alhali kuwa babu jakar da kowa ya ɗauko. Asalin maganar tun zamanin fam ne, sa'ad da ake ɗure kuɗin ƙarfe na fam ɗari cikin jaka guda. Da aka kawo naira ran 1 ga Janairu, 1973, aka mai da kowane fam naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Kuɗin ya tafi, sunan ya zauna. Yaron da bai san wannan ba, in aka aike shi ciniki, lalle ya yi ɓarna.

Daga ɗaya zuwa goma bakin gida ne, ko da yake Bazamfare yakan ce biyat da shidda inda Bakano ke cewa biyar da shida. Amma daga ashirin har zuwa tis'in, duk aron Larabci ne da malamai da fatake suka shigo da shi. Kafin haka mutanen da sukan ce gomiya biyu, gomiya uku, ashirin kuwa su ce hauya. Akwai kuma wata dabara da ta fi waɗannan armashi, watau ƙirga ta ragi. Maimakon goma sha tara sai a ce ashirin ba ɗaya, 180 kuwa metan gaira ashirin. Wanda ya saba tara kaya tsibi tsibi, cikakken tsibi yake dubawa, sa'an nan ya faɗi abin da ya rage a cika.

Wuri ne ya koya wa Hausawa manyan ƙidaya. Baturen nan Barth, da ya sauka Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin riyal guda a kan wuri 2,500, ana kuma ɗinke wuri 20,000 cikin keso. Mai sayen doki da irin wannan kuɗi dole ya san alif da alfyan da zambar goma. Har da kuɗin Turawa suka zo, aka riƙa kiran rabin kwabo ɗari, domin da wuri ɗari aka auna shi.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, manomi ya koma lissafi da fam da sule da kwabo. Yaran makaranta sun sha wuyar wannan lissafi, amma akwai hikima a cikinsa. Sule kwabo 12 ne, sha biyu kuwa tana rabuwa gida biyu, da uku, da huɗu, da shida, ba saura. Shi ya sa sisi rabin sule ne, taro rubu'insa. Goma ba ta rabuwa sai gida biyu da biyar. Fam guda kwabo 240 ne, adadi 20 ne ke raba shi daidai, ɗari kuwa tara kaɗai. 'Yan'uwa uku da suka yi tarayya cikin fam guda, kowa ya ɗauki kwabo 80 ya tashi lafiya. A ba su naira guda, sai kwabo ɗaya ya rage a tsakani.

A zaure kuwa malamai na da nasu hisabin, inda kowane baƙi ke da adadinsa. Alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har dubu. Da shi malaman Sakkwato suka riƙa rufe waƙoƙinsu, su dunƙule shekarar Hijira cikin kalma ɗaya, wadda ake kira ramzi. To, a nan ne ɗalibin yau ke tuntuɓe. Ƙasar Hausa jerin Magariba take bi, inda shin dubu ne, amma littattafan Masar sun ba shin 300. Shehu Usmanu ya rasu cikin 1232 ta Hijira, watau shin da ra da lam da ba: 1,000 da 200 da 30 da 2. Wanda ya lissafa su da jerin Gabas sai ya sami 532, ya mai da Shehu baya da shekara 700.

Wannan ilmi ya kai wani Bakatsine nesa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi ya rubuta littafi da Larabci cikin 1732 a kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara. Ɗaya zuwa tara in an haɗa su 45 ne, a raba wa sahu uku, kowane sahu ya sami 15. Biyar dole ta zauna tsakiya, domin sahu huɗu ke ratsa ta, kuma ita kaɗai ke shiga haɗi huɗu masu ba da 15. Biyu da huɗu da shida da takwas su kama kusurwoyi, ɗaya da uku da bakwai da tara su cike sauran gidajen.